Tsarin Whyte

Tsarin Whyte hanya ce ta rarrabe kawunan jiragen ƙasa masu aiki da tururi ta hanyar ƙirga ƙafafunsu. Frederick Methvan Whyte, injiniya a kamfanin New York Central na Amurka, shi ne ya ƙirƙiro shi, kuma ya bazu tun daga shekarar 1900.

Yadda ake ƙirgawa

Ana rubuta lambobi uku: ƙananan ƙafafun gaba, manyan ƙafafun tsakiya waɗanda sandar ƙarfe ta haɗa su, sai ƙananan ƙafafun baya. Hoton da aka ɗauka daga gefe rabin ƙafafun kawai yake nunawa, don haka sai a ninka abin da aka gani. Ba a haɗawa da ƙafafun taragon kwal da ruwa. Idan kan jirgin yana ɗauke da tankin ruwa a jikinsa, ana ƙara harafin T, kamar 0-6-0T.

Misalai

Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster ta Ingila a 1923, 4-6-2 ne. Jiragen ajin River da aka kawo Najeriya daga Birtaniya kuwa 2-8-2 ne.

Amfani

Masu ƙera ƙananan samfurin jirage, misali a ma'aunin HO (1:87), da wannan ƙirgar suke fara gane jirgi a tsohon hoto. Sai dai jirage daban-daban kan yi tarayya a tsari ɗaya, shi ya sa ake duba lambar jirgin da farantin maƙera kafin a tabbatar.