Shiri Kafin Aiki

A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe aikin raya karkara na Keita. Masu tsara aikin sun fara duba hanyar da ruwa ke bi. Aka jera duwatsu bisa tudu, aka dasa itatuwa a gangare, aka gina madatsai cikin kwari. Ruwa ya rage gudu, ƙasa ta sha.

Mu ma a ƙungiyoyinmu, mu zaɓi masu tsari tun da kaka. Su ƙidaya gidaje, su ƙiyasta buhun hatsi nawa rumbun tsimi ke bukata, su rubuta aikin kowa da lokacinsa. In mun jira damina kafin mu sayi gero, da tsada za mu saye shi.