Daga Gadon Jinya Zuwa Bakin Kabari: Aikin Fada a Gidan Rasuwa

Shirin musamman na wannan mako ya waiwayi wani ɓangare na aikin limaman ɗarikar Katolika wanda ba a cika magana a kansa ba, wato hidimar jana'iza da abin da ke biyo bayanta a cikin iyali. Limamin Katolika, wanda mabiya a arewacin Najeriya suke kira Fada, shi ne ke kula da farish, ma'ana yankin da ke ƙarƙashin babbar majami'a guda tare da ƙananan majami'un ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma tarin irin waɗannan yankuna ne ke haɗuwa su zama dayosis a ƙarƙashin bishop. Fada yakan yi wa jarirai baftisma, ya ɗaura aure, ya jagoranci Misa, wadda ita ce babbar ibadar Katolika, amma babu ranar da yake ganin cikin gidajen mutane kamar ranar rasuwa, domin a ranar ce zumunci da gaba, da wadata da rashi, da ƙarfin bangaskiya da rauninta suke fitowa fili a tsakar gida ɗaya.

Aikin yakan soma ne tun da sauran numfashi. Idan ciwo ya yi tsanani, iyali sukan aika a kira Fada, ko da tsakar dare ne, ya zo ya saurari tuban majinyaci, ya shafa masa man da bishop ya tsarkake a goshi da hannuwa, sannan ya ba shi Jibi Mai Tsarki na ƙarshe, wato gurasar da aka tsarkake a Misa. Wannan Jibi na ƙarshe sunansa a harshen Latin biyatikum, kuma ma'anar kalmar ita ce guzuri, irin wanda ake ɗaura wa matafiyi kafin ya kama hanya. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan suna, tunda shi ma a bakinsa duniya zango ce, mutuwa kuwa tafiya. Sai dai iyalai da yawa sukan jinkirta kiran saboda tsoron kada majinyaci ya ga Fada ya ɗauka an fid da rai da shi, alhali koyarwar coci ita ce shafewar ta marasa lafiya ce, ana iya karɓarta fiye da sau ɗaya, kuma mutane da dama sun karɓe ta sun miƙe.

Tsarin jana'izar da ake bi a yau bai daɗe ƙwarai ba. Kafin Babban Taron Fadar Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ana gudanar da jana'iza cikin Latin, Fada yana sanye da baƙaƙen tufafi, waƙoƙin kuma sun fi ƙarfafa firgicin ranar hisabi. Taron ya yi umarni a 1963 cewa a sake tsarin yadda zai nuna alaƙar mutuwar Kirista da tashin Almasihu daga matattu, ya kuma dace da al'adun kowace ƙasa, har da launin tufafi. Sabon littafin jana'iza ya fito a 1969, ya kasa hidimar zango uku: addu'ar dare a gidan mamaci ko a majami'a, sai Misa, sai miƙa gawa ga ƙasa a bakin kabari. Wannan sauyi ne ya sa yau ake jin jana'izar Katolika da Hausa a Malumfashi da Zariya da Kafanchan.

Kowace alama da ake gani a wannan Misa tana komawa ne ga ranar baftisma. Ruwan da Fada yake yayyafa wa akwatin gawa a ƙofar majami'a yana tuna ruwan da aka zuba wa mamacin a ka, farin mayafin da ake lulluɓe akwatin da shi yana tuna farar rigar da aka sa masa a ranar, babbar kyandir ta Ista da ake kunnawa kusa da shi kuwa daga gare ta aka kunna ƙaramar kyandir ɗin da aka miƙa masa ko aka miƙa wa iyayensa. Turaren da ake kewaya gawa da shi girmamawa ce ga jikin da coci ta yi imani za a tashe shi. Mayafin yana da wani amfani na biyu da ya kamata a lura da shi, domin da zarar an shimfiɗa shi, akwatin attajiri mai ƙyalli da akwatin katakon talaka sun zama ɗaya a idon jama'a.

Wannan batu na daidaito yana rubuce a kundin dokokin cocin Katolika na 1983, inda doka ta 1181 ta hana nuna fifiko a jana'iza, ta kuma hana a tauye wa matalauta jana'izar da ta dace da su saboda rashin abin bayarwa. Amma abin da Fada yake gani a gidaje sau da yawa ya saɓa wa wannan. Yayin da maƙwabta Musulmi suke sallar gawa su kai ta makwancinta a rana ɗaya, iyalan Kirista da dama sukan ajiye gawa a mutuware makonni ko watanni, ana jiran 'yan'uwa na nesa, ana tara kuɗin akwati da anko da abincin baƙi da hayar rumfuna. Jiran ɗa ko 'ya da ke nesa uzuri ne mai ƙarfi, kuma ba wanda zai zargi iyalin da suke son kowa ya yi bankwana. Abin takaicin shi ne inda aka sayar da gona ko aka ci bashi domin gudun gorin dangi, har ya zama wanda aka rasa kuɗin maganinsa yana kwance an kashe ninkin kuɗin a kan gawarsa, marayunsa kuma suka bar makaranta a zangon da ya biyo baya. Matsalar ta kai ga majalisar dokokin jihar Anambra ta zartar da dokar taƙaita almubazzarancin jana'iza a 2019, sai dai a cikin farish, maganar Fada da ta dattawan coci ta fi kowace doka saurin shiga kunne.

Abin da ya fi kuɗi wuyar sha'ani shi ne baƙin cikin kansa. Al'adar Hausa ta ɗora ta'aziyya a kan haƙuri, mai gaisuwa ya ce "Ya haƙuri?" a amsa masa da godiya, ya ƙara da "Allah ya ba da haƙurin rashi," Kiristoci kuma sukan ce "Allah ya ta'azantar da ku." Kalmomi ne masu kyau, sun riƙe mutane da yawa a ranar da ƙafafunsu ba za su iya ɗaukarsu ba. Amma akwai inda ake juya haƙuri ya zama takunkumi, a ce wa gwauruwa ta yi shiru don kuka rashin bangaskiya ne, ko a sa ran namiji ba zai zubar da hawaye ba, ko kunya ta hana uwa nuna zafin rasuwar ɗan farinta, wanda tun yana raye ba ta kama sunansa. Fadan da ya san littafinsa ba zai goyi bayan wannan ba, domin Bishara ta Yohanna, sura ta 11, ta nuna Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru, kuma ya yi kukan ne yana sane da cewa zai tashe shi. Waliyi Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ba da labarin yadda ya danne hawayensa lokacin da mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya a shekara ta 387, har aka binne ta bai yi kuka ba, sai daga baya da ya kaɗaita ya saki hawayen ya sami sauƙi. Shi ne kuma ya koyar da cewa shagulgulan jana'iza sun fi zama ta'aziyya ga masu rai a kan taimako ga mamaci, wanda abin da ke amfanarsa shi ne addu'a da sadaka.

Masana halayyar ɗan Adam sun ƙara haske a kan wannan. A 1969 likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana matakai biyar da mutum kan ratsa, daga ƙin yarda, zuwa fushi, da neman sasanci, da ƙunci, har zuwa sallamawa, amma ta gina bayanin ne a kan hirarrakinta da marasa lafiya da ke dab da mutuwa, kuma kuskure ne a ɗauke shi tamkar tsani da dole kowane mai makoki ya taka bi da bi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta na cututtuka da ya soma aiki a 2022, ta amince da wani yanayi da ake kira baƙin ciki mai tsawo, wato wanda ya wuce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa fiye da yadda al'adarsa ta saba gani. Fada ba likita ba ne, amma sau da yawa shi ne na farko da zai lura cewa wata uwa ta daina ci ta daina fita, kuma hakkinsa ne ya haɗa addu'a da shawarar zuwa asibiti. Irin wannan fahimta ce ta sa coci ta sassauta matsayinta kan wanda ya kashe kansa: kundin dokoki na 1917 ya hana masa jana'izar coci, na 1983 ya cire hanin, littafin koyarwar Katolika na 1992 kuma ya bayyana cewa tsananin ciwon ƙwaƙwalwa ko firgici na iya rage alhakin mutum, don haka coci tana yi masa addu'a.

Jana'izar da ta fi kowace nauyi a kan Fada ita ce ta wanda aka kashe. Limaman arewacin Najeriya sun tsaya a kan jerin akwatuna bayan harin bam na majami'ar Santa Teresa da ke Madalla a jihar Neja ranar Kirsimeti ta 2011, sun kuma binne nasu, kamar Michael Nnadi, ɗalibi ɗan shekara 18 da aka sace daga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd a Kaduna cikin Janairun 2020 aka kashe shi, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya yi wa'azi a jana'izarsa a watan Fabrairu. A irin wannan rana Fada yana tafiya ne a kan siradi. Idan ya yi maganar gafara kaɗai ya ƙi kiran zalunci da sunansa, iyalai za su ji an yi watsi da jinin nasu, idan kuma ya bi fushin taro, kalma ɗaya daga bagade tana iya zama sanadin wata gawar kafin dare, wataƙila ta maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya nemi adalci daga hukuma da babbar murya, ya hana ramuwa da murya irinta, kuma bai kamata a raina wahalar haɗa waɗannan biyu a gaban uwar da ke kallon akwatin ɗanta ba.

Kalmar da Kiristoci masu jin Hausa suke amfani da ita wajen abin da ke riƙe su a nan ita ce bege, wasu kuma su ce sa zuciya. A Hausar yau da kullum bege shi ne ɗokin wanda ba ya nan, irin wanda ke hana barci, a bakin Kirista kuwa ya ɗauki ma'anar tabbacin alkawarin tashin matattu. Haɗuwar ma'anonin biyu a kalma ɗaya ta bayyana matsayin coci fiye da dogon wa'azi, domin mai makoki yana begen mamacinsa yana kuma begen sake ganinsa, kuma ba a bukatar ya kashe na farko kafin ya sami na biyu. Paparoma Benedict na 16 ya keɓe wasiƙa guda ga wannan batu a 2007, inda ya nuna cewa bege na Kirista ba na mutum shi kaɗai ba ne, ya haɗa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Daga nan ne addu'a domin matattu ta samo tushe, bisa imanin Katolika cewa akwai tsarkakewa bayan mutuwa, wadda ake kira Furgatori, kuma addu'ar masu rai tana taimakon waɗanda ke cikinta, ko da yake sauran ɗarikun Kirista da yawa ba su yarda da wannan koyarwa ba. Ranar 2 ga Nuwamba ta kowace shekara, wadda Odilo shugaban gidan ibada na Kuluni a Faransa ya kafa kimanin shekara dubu da suka wuce, ake tunawa da dukan matattu, a je maƙabarta a share kaburbura, kuma tun 1915 aka ba kowane Fada izinin yin Misa uku a wannan rana.

Sai dai tsakanin ranar binnewa da 2 ga Nuwamba akwai kwanaki masu yawa da ba kowa a cikinsu. Idan an naɗe tabarmi, an kwashe rumfuna, baƙi sun koma garuruwansu, a lokacin ne gwauruwa take fuskantar ɗaki shiru, wani lokaci kuma da dangin miji masu neman gona ko gida. Fada ɗaya da ke da ƙauyuka da dama a wuyansa ba zai iya zama a kowane gida ba, shi ya sa nauyin yake komawa kan katikis, wato malamin da ke koyar da addini yana jagorantar addu'a inda babu Fada, da kuma Zumuntar Mata Katolika, waɗanda su ne suke dafa abinci, su kwana da mai takaba, su san ranar da hatsi ya ƙare. Farish ɗin da ya cika majami'a ranar jana'iza amma ya bar marayu babu mai leƙa su bayan wata guda, bai kammala hidimar da ya fara ba.

Kiran da shirin yake yi ga masu sauraro, Kirista da Musulmi, shi ne duk wanda ya halarci jana'iza a cikin watannin nan ya koma gidan a wannan mako, ya zauna ko da ba shi da abin faɗi, ya ambaci sunan mamacin ba tare da fargaba ba, sannan ya tambaya ko yaran sun koma makaranta.