Ƙauyen Da Teku Ke Ci A Ingila

A lardin Norfolk, gabashin Ingila, akwai wani ƙauyen manoma a bakin teku mai suna Happisburgh, wanda mazaunansa ke kira "Hezbura". Hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1790 na nan tsaye tsakiyar gonaki, kuma tun 1990 mutanen gari ke riƙe da ita.

Babbar damuwarsu ita ce teku. Gaɓar yumɓu ce da yashi, kowace shekara igiyar ruwa na zabtare gonaki. Shingen katakon da aka kafa wajen 1959 ya lalace, hukuma kuwa ba ta sabunta shi ba, wai kuɗin ya yi yawa. Tuni aka rushe gidaje da dama.

Zaizayar nan ce ta tono sawun mutanen da suka taka wurin fiye da shekara 800,000 da suka wuce, a 2013. Cikin mako biyu ruwa ya shafe shi.