Rumfa da Kujerun Lambu: Wane Yadi Ne Zai Jure wa Ranar Illela?

Duk wanda ya yi noman rani a Darna Sabon Gari da sauran ƙauyukan ƙasar Illela ya san zafin watan Afrilu da Mayu. Ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, ƙasa ta ɗauki zafi har mutum ba ya iya taka ta ba takalmi. A irin wannan lokaci mai lambu yana bukatar inuwa kamar yadda yake bukatar ruwa. Yana bukatar wurin da zai zauna ya huta, da wurin da zai tara albasa da tumatir kafin mota ta zo, da wurin da 'yan ƙungiya za su taru su yi lissafin kuɗinsu.

Iyayenmu da zana da kara da kaba suke yin wannan inuwa. Har yau babu abin da ya fi zana sanyi. Amma gamba ta yi ƙaranci, kara kuma ya zama abincin dabbobi da makamashi, sai an saya. Saboda haka mutane da yawa sun koma ga buhu da tamfol da tabarmar roba mai zane-zane. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a kashe kuɗi a kafa rumfa da kaka, kafin damina ta faɗi ta zama tsumma. Yawancinmu ruwa muke tsoro, shi ya sa tambayarmu ta fari a kasuwa ita ce, "Yana yoyo?" Alhali kuwa a ƙasarmu ruwa na wata huɗu ne kawai, daga Yuni zuwa Satumba. Abin da yake cin yadi shekara duka, rana ce.

Yadda rana take cin yadi

A cikin hasken rana akwai wani sashe wanda ido ba ya gani. Shi ne yake ƙona fata, shi ne kuma yake karya ƙarfin zaren roba a hankali. Buhun taki da yawancin tabarmin roba, da wata irin roba ake yinsu wadda masana suke kira folifirofilin. An samo wata hanyar yinta a ƙasar Italiya a shekara ta 1954. Tana da araha, ba ta da nauyi, ruwa ba ya ruɓar da ita, gara kuma ba ta cinta kamar yadda take cin kara. Amma rana ce abokiyar gabarta. In ba a haɗa ta da maganin rana tun daga masana'anta ba, 'yan watanni kaɗan a fili sun isa ta fara dusashewa, sa'an nan ta yi kaushi, daga nan sai ta riƙa zuba kamar gari in an murza ta.

Atamfa da sauran yadin auduga kuwa, cutarsu iri biyu ce. Rana tana koɗar da launinsu, laima kuma tana sa su fumfuna su ruɓe. Kada a ga kyan zanen atamfa a yi rufin rumfa da ita.

Iri huɗu da za ku tarar a kasuwa

Na fari, buhun taki ko na hatsi. Shi ne mafi araha, gama sau da yawa yana nan a gida. Ya dace da abin da za a yi amfani da shi na rani ɗaya, kamar inuwar iri ko katangar tare iska.

Na biyu, tabarmar roba mai launi, irin wadda ake saƙawa a masana'antun Kano da wasu ƙasashe. Tana da kyau, iska tana ratsa ta, ana wanke ta da ruwa kawai. Ta dace da shimfiɗa a benci da labulen gefen rumfa. A ƙarƙashin inuwa takan daɗe, amma a tsakar rana ba ta da bambanci da buhu sosai.

Na uku, tamfol. Shi ma iri biyu ne. Akwai mara nauyi, yawanci shuɗi, wanda yake ƙara kamar leda in an taɓa shi. Akwai kuma mai nauyi na manyan motoci, wanda saƙar zaren foliyesta ce aka lulluɓe da roba ciki da waje. Tsohon tamfol ɗin mota, ko da ya yi faci, sau da yawa yakan fi sabon mara nauyi daɗewa. Aibinsa shi ne ba ya barin iska ta wuce, don haka rumfarsa tana da zafi in ba ta da tsayi.

Na huɗu, yadin da aka yi musamman don zaman waje, na laima da rumfunan kantuna, mai ratsi-ratsi ko zane. Mafi kyansa da zaren akirilik ake saƙa shi. Kamfanin Glen Raven na Amurka ya fito da irinsa a shekara ta 1961 da sunan Sunbrella, daga baya wasu kamfanoni suka bi. Asirinsa shi ne ana zuba launi a cikin narkakkiyar roba tun kafin a ja ta ta zama zare. Ku kwatanta karas da jar gyaɗa. In ka yanka karas, launinsa ɗaya ne har ciki. Jar gyaɗa kuwa, da ka murje ɓawon sai fari. Yadin da aka buga wa zane a fuska kawai, gyaɗa ne. Wannan na huɗu shi ne mafi tsada, kuma ba a kowace kasuwa ake samunsa ba.

Gwaji kafin a biya kuɗi

Ko a kasuwar Illela ta ran Lahadi za ku saya, ko a Sakkwato, ko a hayin Birnin Konni, ku yi waɗannan abubuwa. Ku juya yadin ku dubi bayansa. In bayan fari ne, zanen a fuska kawai yake, zai koɗe da sauri. Ku ɗaga shi wajen rana ku ga ko saƙar ta haɗu ko tana da ƙofofi. Ku ja gefe da ƙarfi tsakanin hannu biyu. Ku zuba ruwa kaɗan ku ga ko zai tsaya ko zai nutse. In tsohon kaya ne, ku naɗe kusurwa ku murza. In ya tsage ko ya bar gari a yatsa, rana ta riga ta gama da shi. Araha ba ta ado.

Game da launi kuma, baƙi da shuɗi mai duhu suna tara zafi. Fari da ruwan ƙasa da kore mai haske sun fi sanyi ga mai zama a ƙarƙashi.

Ɗinkin rumfa

Buhun taki mai cin kilo 50, in an farke shi aka shimfiɗa, yakan ba da kusan mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi. Rumfa mai mita 3 da mita 4 za ta ci kimanin buhu 15, gama dole a bar na kalmasa da na haɗi. A wanke buhunan sarai da sabulu, a shanya su a inuwa.

In za a yanka buhu ko tabarmar roba, a ɗora tsohuwar wuƙa a wuta ta yi zafi a yanka da ita. Zafin yana narkar da bakin zaren ya manne, ba zai warware ba. A yi wannan aiki a fili, kada a shaƙi hayaƙin.

Wajen haɗi, a ɗora gefe bisa gefe kamar faɗin yatsa uku, a yi ɗinki layi biyu. Na sama ya hau kan na ƙasa yadda ake jera kwanon rufi, domin ruwa ya gangara bai shiga haɗin ba. Zare kuwa, kada a yi amfani da na auduga, gama shi zai fara tsinkewa. Zaren foliyesta mai kauri ya fi, ya ma fi na nailan jure wa rana. Tela mai keke mai ƙarfi zai iya, in babu, basilla ta isa. A buɗe ɗinkin, kada a matse shi, gama huda da yawa kusa da juna tana yaga roba.

A kewaye gefuna huɗu da kalmasa mai faɗi, a zura igiya a cikinta. Wannan igiya ita ce za ta ɗauki jan iska maimakon yadin. A kowace kusurwa a ƙara faci ninki biyu. Kada a buga ƙusa kai tsaye cikin yadi, nan ne yagewa take farawa. A ɗinka hannaye na igiya taku ɗaya-ɗaya, a ɗaure da su. Tsohon tubun babur da aka yanka siri-siri yana da amfani wajen ɗauri, domin yana miƙewa in iska ta buga, sa'an nan ya koma.

Dirkoki su shiga ƙasa kamar rabin mita ko fiye. Azarar giginya tana jure wa gara sosai, dogon yaro kuma yana bi mata. Gaban rumfa ya kai mita biyu da rabi, bayanta mita biyu. Wannan gangare ba ado ba ne. Ku yi lissafi: in aka yi ruwan milimita 20 a kan rumfa mai mita 3 da 4, lita 240 ke nan, wato nauyin kilo 240, kusan buhun taki biyar. In rufin a kwance yake, wannan nauyi zai taru a tsakiya ya karya dirka. Ɗan abin da ya saura kuma ya zama gidan sauro.

Ga wata dabara mai sauƙi. In kun shimfiɗa zana ko kara kaɗan a bisa rufin buhu ko tamfol, zanar za ta tare rana, robar kuma ta tare ruwa. Kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, rumfar ta yi sanyi, ta kuma daɗe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kujera, benci da teburin shanya

Duk wanda ya tsallaka Konni ya ga kujerun nan na ƙarfe da ake saƙa wa igiyar roba mai launi, da gadaje irinsu. Mai walda ne yake yin ƙarfen sau ɗaya, in igiya ta tsinke sai a sake saƙa. Wannan ita ce hikimar da ya kamata mu ɗauka: a kashe kuɗi a kan ƙashin kujera, yadin kuwa a yi shi yadda za a iya cirewa a canza.

Don kujerar kishingiɗa, a yanka tamfol mai nauyi ko yadin laima, faɗin kamar santimita 50, tsawon kamar 120. A ɗinka aljihu a sama da ƙasa, a zura sanda a kowanne, a rataya a jikin katakon. Da yamma sai a zare sandunan, a naɗe yadin a shiga da shi ɗaki.

Don benci, a ɗinka matashi da tabarmar roba, a cusa soso ko audugar rimi. A bar ɗan buɗi a ƙasa, domin in ruwa ya shiga ya sami hanyar fita.

Teburin shanya kuwa, shi ne yake mayar da kuɗi. Tumatir da tattasai da kuɓewa da aka shanya a ƙasa suna kwasar yashi da kashin awaki, mai saye kuma ya rage kuɗi. A kafa gado mai tsayin ƙugu, a shimfiɗa sabon buhun hatsi mai tsabta ko raga, iska ta ratsa ta sama da ƙasa. Kauɗar za ta fito da tsabta da jan launinta.

Gadon iri yana son rabin inuwa ne kawai. A riƙa rage masa inuwar kwana-kwana kafin dashe, domin ya saba da rana. Albasa kuwa, wadda ita ce arzikin wannan yanki tun daga nan har Galmi, numfashi take yi. Kada a lulluɓe ta da tamfol. Rudu na kara ya fi mata, in za a sa tamfol, a sa shi can sama a matsayin rufi, a bar gefuna a buɗe.

Abubuwa uku na hatsari

Buhun da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko irin shuka mai jan magani ko kore, kada a yi shanya ko shimfiɗa da shi ko an wanke. Buhun taki ma, a bar shi wajen inuwa da katanga, kada abinci ya hau shi.

In roba ta ruɓe, a tattara ta kakaf. Awaki da tumaki da shanu suna haɗiye ta, ta dunƙule a tumbinsu, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. Sau da yawa sai mahauci ya farke ciki ake gane dalili.

Kada a ƙona tsohon tamfol a murhu ko kusa da yara, gama hayaƙinsa guba ne.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomi ɗaya ba zai iya sayen bandir na yadi mai kyau ba, amma mutum ashirin za su iya, a kuma yi musu ragi. A ce wani yadi ya ninka wani kuɗi sau uku, amma yana yin shekara biyar, wancan kuwa shekara ɗaya. Wanda ya sayi mai arahar zai saya sau biyar, ya biya ɗinki sau biyar. Ku riƙa raba kuɗin kaya da shekarun da zai yi.

Mu mazauna bakin iyaka mun san yadda farashi yake tashi dare ɗaya. An rufe iyaka a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, sai a Maris 2024 aka buɗe. Ƙungiyar da ta sayi kayanta da kaka, lokacin da kuɗi yake hannu, irin wannan ba ya tarar da ita ba shiri.

Ga shawara. A taronku na gaba, ku yanki ƙyalle faɗin tafin hannu daga kowane irin yadi da kuke tunanin saye, guda bibbiyu. Ɗaya a ɗaure shi a kan rufi inda rana take bugawa, ɗaya a ajiye a akwati. Magatakarda ya rubuta ranar. Bayan wata uku a kawo su gaban kowa, a gwada launi, a ja da hannu. Gani ya kori ji. Sa'an nan ku zaɓi mutum biyu, ko cikin matasa ko cikin mata masu keke, su koyi wannan ɗinki, domin kuɗin aiki ya zauna a cikin gari.

A ƙarshe, ku tuna da sauke rufin rumfa in hadari mai iska ya taso a farkon damina, ku kakkaɓe ƙurar hunturu, ku wanke da ruwa da sabulu, ku bari ya bushe sarai kafin a naɗe. A rataye shi a sama inda ɓera ba zai kai ba. In kun gwada, ku aiko mana da labarin irin yadin da ya fi daɗewa a wurinku, domin 'yan'uwa na sauran ƙungiyoyi su ƙaru.