GARGAƊI GA MASU SAYEN DISKIN AJIYA NA HANNU A AREWA

Ana jan hankalin masu ɗaukar hoto da bidiyon biki, masu tura finafinai a waya, masu shagon buga takardu, da duk mai shirin haɗa kwamfutar ajiya a gida, daga Dogon Dutse, Matankari da Dankasari har Tibiri, Kore Mairuwa, Dumega da Gesheme. Kada wanda ya biya kuɗin babban diskin ajiya irin na kamfanoni sai an bincika shi a gabansa.

Ga dalili. A watan Janairun 2025 kafar Heise ta Jamus ta bankaɗo cewa ana sayar da tsofaffin diskin Seagate, samfurin Exos, a matsayin sababbi. Masu saye sun tarar wasu sun riga sun yi aikin awa 15,000 zuwa 50,000. Awa 50,000 ta haura shekara 5 ana aiki dare da rana. Ƴan damfara ne ke goge lissafin awoyin aiki na SMART da diskin ke riƙewa, sai ya nuna kamar yau aka fito da shi. Ana zargin da yawansu an gajiyar da su ne wajen haƙar kuɗin intanet na Chia a ƙasar Sin. In an cuci mai saye a Jamus, kayan da suka bi hannuwa da dama kafin su iso mana ta Yamai, Konni ko Kano sun fi buƙatar bincike.

Yanayinmu ma ba ya ragawa. An ƙera waɗannan diski ne don ɗakuna masu sanyi da wuta tsayayya. Nan kuwa zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta. Diskin da ya tsufa yana iya mutuwa farat ɗaya, ya tafi da hotunan auren mutane da takardun shekaru.

Kafin ku miƙa kuɗi:

1. Ku sa mai gyara ya karanta FARM, wani lissafin na daban da diskin ke riƙewa, idan na Seagate ne, da manhajar smartmontools daga fitowa ta 7.4. In awoyinsa sun saɓa da na SMART, ku mayar.
2. Ku duba lambar jikin diskin a shafin garantin kamfanin, ku gwada ta da ranar ƙira.
3. Ku dubi ramukan ƙusa da kuma bakin jona waya. Karce alama ce an taɓa ɗaura shi.
4. Ku tabbata bakin jona wayarsa irin SATA ne. Mai bakin SAS ba ya aiki a kwamfutar gida sai da kati na musamman.
5. Ku karɓi rasit da garanti a rubuce.

Sayen na hannu ba laifi ba ne, muddin an faɗi gaskiyar shekarunsa kuma kuɗinsa na tsoho ne. Amma araha ba ta ado. Wanda ya riga ya saya ya kwafe muhimman abubuwansa zuwa wani diskin tun yau, ya sa fanka, ya haɗa da batirin riƙe wuta.

Duk wanda wannan saƙo ya iske, don Allah ya isar ga abokan sana'arsa.