Itatuwan abinci a gidaje da unguwannin Masarautar Gumel

Itatuwan abinci na cikin gari su ne bishiyoyin da ake dasawa, ko ake bari su girma, a tsakar gida, ƙofar gida, makarantu da gefen hanya, domin a ci 'ya'yansu ko ganyensu, a kuma sha inuwarsu. A Turai da Amurka ana kiran irin wannan tsari dajin abinci na birni. A Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, tsohuwar al'ada ce.

Yanayin ƙasa

Yankin ya yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta Maigatari. Ƙasarsa rairayi ce, damina kuma gajeriya ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba. Shi ya sa itatuwa masu jure fari suka fi yawa.

Ire-irensu

Daga cikinsu akwai kuka, tsamiya, aduwa, kurna, magarya da goriba. Zogale ya fi yawa a cikin gidaje, domin ba ya cin wuri, kuma yana saurin girma. Gidajen da ke da rijiya ko famfo kan ƙara da mangwaro, gwaiba, lemun tsami ko dabino, ana juya musu ruwan alwala da na wanke-wanke.

Amfani

Ana shanya ganyen kuka a daka shi don miya, ana kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli, ana dama kunu da tsamiya. Amfaninsu ya fi fitowa da bazara, lokacin da hatsi ya ja baya a rumbu, ɗanyen ganye kuma ya yi tsada. Mata kan sayar da rarar a gida ko a kasuwa.

Ƙalubale

Awakin da ke yawo sake suna cinye dashe idan ba a killace shi ba. Saran itace don girki, ƙanƙancewar filayen gini da shafe tsakar gida da siminti su ma suna rage itatuwan. Haka kuma darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, ta mamaye tituna saboda jure fari, amma inuwa da magani take bayarwa, ba abinci ba.

Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da ke shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don yaƙi da kwararowar hamada. Itatuwan cikin gida kuwa, kulawarsu tana hannun masu gidan ne.