BINDIGAR DA KE HANNUN KAKA CIKIN HOTO

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, a gidaje da yawa na Boɗinga da Shagari akwai tsofaffin hotuna ajiye a ƙasan akwati, kuma mu mata mu ne masu tsaronsu. Cikinsu akan sami na wani kaka ko baffa tsaye riƙe da bindiga. Da yara sun gani sai su ce, "Inna, ashe Kaka soja ne?" To, kafin ki amsa, ya kamata ki san abin da ke hannunsa, domin amsar da kika bayar ita ce jikoki za su riƙe.

Fara da duban ƙarƙashin bakin bindigar. In kika ga siririn ƙarfe kwance a tsawonsa, wannan sandar ɗura ce, watau bindigar toka ke nan, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga. Ta baki ake zuba mata albarushi a danna shi da sandar, kuma in an harba sau ɗaya sai an sāke ɗurawa. Doguwa ce, maƙeran ƙasarmu kuwa suna ƙera ta. Mai riƙe da ita galibi maharbi ne, za ki ga layu a rigarsa. Ko kuwa yana cikin 'yan bindigar sarki masu harbin hawan salla. Ki lura fa, a zamanin da "ɗan bindiga" sunan aikin fada ne mai daraja. Yau kalmar ta koma kan masu ɓarna a daji, saboda haka ki yi wa yara bayani kada su rikice.

Bindigar soja daban take. Wadda mazajenmu suka riƙe a yaƙin Bama, tsakanin 1943 da 1945, cikin Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, sunanta Lee-Enfield. Katako ya rufe yawancin tsawonta, tana da ɗan gajeren gidan harsashi a gaban kunama mai cin harsashi 10, da wani ɗan hannu na ƙarfe a gefen dama wanda ake ja. Sa'an nan ki dubi tufafin: gajeren wando da jar dara na fareti, ko malafa irin ta fagen fama. Amma in gidan harsashin dogo ne a ƙasan bindigar, a lanƙwashe kamar ayaba, wannan AK-47 ce ko 'yar'uwarta, ita kuwa sai 1949 sojan Rasha suka karɓe ta. Hoton da ke da ita ba na Bama ba ne, kome ƙarfin labarin da ake bayarwa a gida. Mai baki biyu a jere kuwa ta farauta ce, irin ta masu hali.

Saura ta wasa, a nan ne aka fi ruɗewa. Masu ɗaukar hoto na birni sukan ajiye kayan ƙawa, kamar rediyo da tarho da furanni, wani lokaci har da bindigar roba, domin samarin da suka kalli fim ɗin kaboyi a silima su yi kwaikwayo. Ga hanyoyi uku na ganewa. Na farko nauyi. Lee-Enfield ta kai kilo 4, saboda haka in kika ga yaro ya ɗaga doguwar bindiga da hannu ɗaya yana murmushi, kafaɗarsa ba ta karkata ba, ta wasa ce. Na biyu girma. Gwada ta da tafin hannun mai riƙon, ta wasa takan yi wa babba kaɗan, har yatsansa ya kāsa shiga wurin kunama. Na uku, ta roba tana da layin haɗi a tsakiyarta daga baki har gindi, kuma launinta iri ɗaya ne duka, alhali ta gaske ƙarfenta da katakonta sukan bambanta ko a hoton da ba mai launi ba. Ta kara da ta itace waɗanda yaranmu ke yi da kansu ba su da wuyar ganewa.

Kada ki ɗauka wannan zancen nishaɗi ne kawai. A Amurka tun 1988 doka ta ce a sa wa bakin bindigar wasa launin lemo don a bambanta ta. Duk da haka a 2014, a jihar Ohayo, ɗan sanda ya harbe yaro ɗan shekara 12 saboda bindigar kwaikwayo da ke hannunsa, wadda alamar bakinta ta fita. In idon ɗan sanda ya ruɗe da rana tsaka, ina ga mai kallon hoto a waya? A ƙasarmu kuwa dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe ta gaske sai da lasin, ga kuma halin tsaro da jiharmu ta Sakkwato ta shiga. Yarinya ta ɗauki hoton yayanta na salla da bindigar roba ta watsa, baƙon ido ya gani, ƙarshenta a jawo wa gida tambayar da ba a shirya mata ba.

Shawarata ita ce, tun tsofaffi suna raye ki kai musu hotunan. Ki tambayi gwaggo ko kaka: wane ne wannan, wace shekara ce, wace sana'a yake yi? Ki juya bayan hoton, wataƙila akwai hatimin mai ɗauka ko kwanan wata. Abin da kika tabbatar ki rubuta a bayan da fensir, ban da biro, don tawada takan ɓullo ta ɓata fuska. Ku 'yan makaranta, wannan aikinku ne a hutu mai zuwa. Wanda ke da bindiga a ciki kuwa, ko ta wasa ce, a bar shi a akwati, a nuna wa dangi a gida.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya, amin.